Albarkar da Baba Ya Riƙe wa Yaya Lawal

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar ɗaki ina tsintar wake, rediyon jikana yana ta surutu a kan taga, sai na ji wasu manyan mutane suna musu a kan ko ya halatta ƙasa ta kwashi sojojinta ta shiga ƙasar wasu da sunan raba rigima. Wannan ya ce doka ta yarda, wancan ya ce ba ta yarda ba, wani kuma ya ce duk yaudara ce, arzikin da ke ƙarƙashin ƙasar mutane ake hange. Sai katse juna suke yi kamar mata a bakin rijiya. Na ajiye faifai na yi dariya ni kaɗai, har maƙwabciyata ta leƙo ta ce, “Iya, lafiya?” Na ce mata lafiya lau, wata shari'a ce da aka yi a zauren gidanmu tun ina da ƙuruciya ta biyo ni har Batsari, ashe har yau ba a gama ta ba. Daga nan dariyar ta tafi, kewar ubana da yayana ta taso mini, waken nan ban gama tsince shi ba sai bayan azahar.

Ƙauyenmu yana tsakanin Safana da Tsaskiya, a gindin wasu duwatsu. Yau ba kowa a cikinsa, 'yan bindiga sun watsa mu, kowa ya kama inda ya samu ɗaki. Amma a zamanin da nake faɗa, da sassafe za ka ji guga na faɗawa rijiya, ka ji shanun Fulani suna wucewa ta burtali yaransu na yi musu fito, ka ji gangar gayya daga wata gona can nesa tana kiran samari. Ƙofofinmu na kara ne, ba kwaɗo ba sakata, akuya kaɗai ake tsare wa. In mace ta kurma ihu ta ce wayyo jama'a, ko loma ce a hannunka sai ka yar ka nufi wurin, sai an je a ga ko gobara ce ko maciji ko miji ne ya hau dokin zuciya. Yanzu kuwa in aka ji ihu, kowa 'ya'yansa yake tattarawa ya yi wajen da ihun bai fito ba. Ban ga laifin kowa ba, ni ma na yi.

Ubanmu ba maigari ba ne, ba liman ba ne, manomin gero ne mai sanyin murya da taurin kai, Allah ya gafarta mini, irin na jaki a bakin gulbi. Amma duk rigimar da ta tashi a garin, ta iyakar gona ce, ta ɓarnar shanu ce, ta miji da mata ce, shi ake nema. In ya isa gidan da ake faɗa ba ya afkawa ciki, sai ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya sake, ya kuma sake, in ba a amsa ba ya nemi dakali ya zauna, ko da kwanoni na tashi a ciki. Yakan ce wanda ya shiga ba a kira shi ba ya ƙara yawan masu faɗan ne kawai. In kuma ya shiga ya raba, ko ruwa ba ya sha a gidan. An sha biyo shi da zabuwa ko damin dawa don godiya, ya sa a mayar tun ba a sauke ba. Innarmu takan bi zabuwar da kallo ta ce, “Haba Malam, ko wannan ɗayar?” Shi kuma ya ce, “In na ci zabuwar miji yau, gobe matar za ta ce da zabuwa aka saye ni, kuma ta yi gaskiya.” Mun yi kewar nama a gidan nan saboda mutuncin Baba, ba kaɗan ba.

Babban yayanmu, Yaya Lawal, shi ne ya fita daban. Shekarar da fari ya cinye gero ya bi wata mota zuwa Katsina, sai ga shi ya dawo da kaki da aski ƙwal da ƙaton takalmi. Ni ce autar mata, ni ce 'yar gaban goshinsa. In ya zo hutu yakan kawo mini sabulu mai ƙamshi, in ɓoye ina shaƙa, ba na yarda in yi wanka da shi. Ya jera mu yaran unguwa da karan dawa a kafaɗa yana ba mu oda, mu yi ta karo da juna yana dariya har da riƙe ciki. Ya yi aure, matar ta rasu wajen haihuwa ita da abin da ke cikinta, tun daga nan in Inna ta tayar da zancen wani auren sai ya ce bariki ba wurin ajiye 'yar mutane ba ne.

Ina gida wankan jegon haihuwar fari sai Yaya ya zo mana ba zato. 'Yan matan yanzu da ke haihuwa a asibiti su tashi suna latsa waya ba su san wannan wanka ba. Safe da yamma Inna za ta tafasa ruwa, ta tsoma ganyen darbejiya ta dinga fyaɗa mini, ina kuka tana cewa in rufe mata baki, ita ma haka aka yi mata. Ɗakin da aka ajiye ni bango ɗaya ya raba shi da zaure, akwai wata 'yar kafa a sama, duk abin da maza suka faɗa a kunnena yake sauka. Ta nan na ji Yaya yana gaya wa Baba za a ɗebe su a jirgin ruwa zuwa wata ƙasa can bakin teku, inda mutane suka kama kashe junansu, su shiga tsakani. Ya zo ne a sa masa albarka. A gidanmu ko cin rani mutum zai tafi sai ya durƙusa a gaban Baba, Baba ya ɗora hannun dama a kansa ya yi addu'a. Wanda ya fita ba wannan hannu, mu a wurinmu ya fita ne ba riga, kuma ba mu taɓa ganin wanda aka hana ba.

Baba ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, “Wa ya kira ku?”

Yaya ya ce shugaban ƙasar ne da kansa ya nemi taimako, shugabannin ƙasashen maƙwabta kuma suka zauna suka amince, komai bisa ƙa'ida aka yi.

“To su waɗanda yake faɗa da su, sun amsa sallamarku?”

“Baba, ai su cewa suke yi shi ba shugabansu ba ne.”

“Af! Ashe miji ne ya kira ku. In miji da mata na dambe, miji ya leƙo ya ce ka shigo, ka shiga a mai rabo ne ko a ɗan'uwan miji?”

Na ji Yaya ya gyara zama. Shi ma fa ɗan gidan ne, taurin kan bai tsallake shi ba. Ya ce, “Baba, ka gafarce ni, amma kai da kanka ka taɓa haura katangar mahaucin garin nan ba sallama, ranar da ya ɗauko wuƙa ya yi kan ƙanensa. Can ana yanka mata da yara. In muka tsaya jiran a amsa sallama, wa zai rage ya amsa?”

Tsakani da Allah ni a ɗaki na ce Yaya ya yi nasara, har na matse jaririna don murna. Sai Baba ya ce, “Na haura. Amma ihun kunnena ne ya ji, wuƙar idona ne ya gani, kuma na san su duka biyun tun suna yara. Kai ka san harshen mutanen nan? In biyu suka sheƙo da gudu wajenka, ka san wanda ya koro da wanda aka koro? Su kuma manyan da ke aika ku, ka tabbata ba abin da suke hange a gidan?”

“Ban sani ba, Baba. Ni umarni aka ba ni.”

“To wanda ya ba ka umarnin ya sa maka albarka. Ni ban san gidan ba, ban san faɗan ba, ba zan ɗora hannuna a kan abin da ban sani ba. Allah ya kiyaye hanya. In ka dawo na ji yadda ka shiga da abin da ka fito da shi.”

Shi ke nan fa. Yaya ya durƙusa har gwiwarsa ta gaji, hannun Baba bai bar carbi ba. Da ya shigo yi mini sallama ya ɗauki jaririn yana tsokanata, wai wannan hancin na gidan mijina ne ba namu ba, amma idonsa jawur. Inna ta dafa kansa da hannu biyu ta ce tata albarkar ya samu duniya da lahira, ta cusa masa ƙuli-ƙuli da dakakken yaji a jaka, ya hau motar 'yan kasuwar Batsari ya tafi. Ba ta ɗaga wa Baba murya ba, ba a yin haka a zamaninsu, sai dai tun daga ranar tuwonsa ya fara zuwa da gudaji, miya ba gishiri, har aka yi girbi. Haka ya dinga cin abinsa.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Mutumin da ya ce bai san faɗan ba sai ga shi ya sayi rediyo, wai don jin labarin taki. Wane taki! Safe da yamma yana manne da ita a kunne, har ya haddace sunayen garuruwan ƙasar nan masu karya harshe, in an ce an yi artabu a wuri kaza ya tashi ya tafi gona ko karyawa bai yi ba. Gonar Yaya kuwa shi ya dinga nome ta da hannunsa, ya zuba amfanin a rumbu daban, ba mai taɓawa. Ana nan sai wani soja na ƙauyen gaba da mu ya dawo daga can da kwanon rufi da keken ɗinki da akwatin talabijin, a garin da ko wutar lantarki babu. Mutane suka yi ta zuwa kallo suna cewa tafiya ta yi kyau. Baba ya tambaya ko keken ɗinkin sabo ne, aka ce a'a, har da zare a jikinsa. Ranar bai fito zaure ba.

A lokacin gani nake Baba ya cika tsanani, ina cewa a raina ɗanka na can bakin mutuwa kai kana nan kana zancen sallama. Da namu tashin hankalin ya zo na ƙara ganin haka. Ranar da muka yini kwance a cikin dawa, jikokina a ƙarƙashina, babura na kewaya gari, wallahi roƙon Allah nake ya kawo ko wane ne, daga ko wace ƙasa, da ko wace niyya, ba zan tambaye shi wa ya kira shi ba. Amma kuma kwanakin baya da aka yi ta raɗe-raɗin za a tura sojojinmu su tsallaka iyaka ta arewa, inda ɗiyata ke aure, sai na ji tambayoyin Baba suna fita daga bakina, har da muryarsa. Wa ya kira ku, me kuke hange, kun san ɗiyata in kun gan ta? To ka ji, ni ɗin nan ɗaya, bakina biyu. Shi ya sa ba na saurin zagin kowa a wannan magana.

Yaron da na yi wa jego ya fara bin awaki lokacin da Yaya ya dawo. Na zo gida taya Inna ɓarar gyaɗa ke nan sai yara suka shigo da gudu suna ga soja, ga soja. Muka fito har da masu ɗaura zane a hanya. A-kori-kura ta tsaya a gindin tsamiya, Yaya ya diro, ya rame, wuya ya yi tsawo, furfura ta fito masa a gefen kai. Baba na tsaye a ƙofar zaure, na kuma lura ba fuskar ɗansa yake kallo ba, bayan motar yake kallo. Aka miƙo jaka ɗaya ta soja, koɗaɗɗiya, aka miƙo buta. Direba ya ce iyakar kayan ke nan. Na ga gemun Baba ya motsa, murmushi na tahowa, har ya ɗaga ƙafa zai tako. Sai Yaya ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba, wata mace doguwa siririya ta sauko a hankali tana ɗingishi, ta tsaya a bayansa tana kallon ƙasa.

Tabɗijam! Murmushin nan bai ƙarasa fitowa ba. Yaya ya durƙusa ya yi gaisuwa ya ce, “Baba, wannan iyalina ce.” Baba ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo, ya ce, “Wasu sun fito da keken ɗinki, kai ka fito da mutum.” Ya juya ya shige zaure.

Sunanta Isatu. Inna ta ce ai A'isha ce, ta mayar da ita Indo, har yau kuma Indo ce, ga ɗakinta can yana kallon nawa, mun tsufa tare muna faɗa a kan yawan barkono. Musulma ce, amma Hausa ban da sannu ba ta san komai ba. Ranar da ta fara shiga madafi ta tsinko ganyen rogo ta yi miya da shi, muka taru muna cewa abincin awaki za a ba mu. Na ɗanɗana don kara, na ƙare da suɗe kwano. Inna ta so ta tun ranar da ta ga tabon harsashi a ƙafarta. Baba kuwa in ta durƙusa gaishe shi yakan amsa da mutunci, amma abin da ta dafa ba ya ci, duk gidan kuma mun san ma'anar haka, maganar tana gabansa bai yanke ba. Shi ko Yaya ga shi a gida amma kamar bai dawo ba. Ba ya barci. Da rana za ka same shi zaune a bayan rumbu, ido ja, in ka yi masa magana ya zabura. Ya daina wasa da yara. Kowace safiya ya je ya durƙusa a zaure, ya taso ba a taɓa kansa ba.

Inna ce ta gaji. Wata safiya ta tsaya a bakin zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, “Malam, ka raba faɗan gari duka, naka ya gagare ka? Yaron nan lalacewa zai yi muna kallo.” Baba ya ce shi ba zai ji labarin gida daga bakin wanda ya shiga ba, sai daga bakin 'yar gidan, kuma ba zai yarda Yaya ya yi tafinta ba, tunda shi ake tuhuma. To wa ke jin harshenta a ƙauyenmu? Sai Allah ya kawo Dije, Bafillatanar da ke kawo mana nono. Tana sauke ƙwarya a tsakar gida ta yi wa ɗiyarta faɗa da Fillanci, sai muka ga Indo ta saki tsintsiya ta dafe ƙirji ta amsa mata. Ashe ita ma jinin Fulani ce, na can bakin teku. Fillancin nasu ya sha bamban, suna yi suna dariyar juna, amma suna ganewa. Haka muke da Fulani a da, Dije ta san inda Inna ke ɓoye daddawa. Yau ban san ko jikokinta na raye ba, ban kuma san ko suna cikin waɗanda suka kore mu ba.

Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarma a zaure. Baba a kan buzunsa ya kau da kai gefe saboda surukuta, Indo ta lulluɓe, ni ina riƙe da hannunta, Dije a tsakiya, Yaya can bakin ƙofa kansa a ƙasa. Inna ta laɓe a bayan ƙofar cikin gida, kowa na jin numfashinta.

Indo na faɗa, Dije na juyawa. 'Yan tawaye sun shigo garinsu, sun kashe mijinta a gabanta, ita da danginta suka ɓuya a wani masallaci, ba ci ba sha, suna jin ana bi gida gida. Ta ce a masallacin nan kowa roƙo yake Allah ya turo wani, ko wane ne. Sai sojojin suka zo. Yaya ne ya tarar da ita an harbe ta a ƙafa, ya goya ta ya ƙetare kogi da ita, ya dinga raba abincinsa da ita da gidan kawunta.

Baba ya ce, “Tambaye ta, da ya nemi aurenta, da ta ce a'a, abincin zai ci gaba da zuwa? Don mai bindiga da shinkafa in ya nemi mace mai yunwa, ban san ta inda za ta ƙi ba.”

Dije ta juya mata. Indo ta ɗago kai ta yi magana da ɗan zafi. Dije ta tuntsire da dariya ta ce, “Malam, wai ai ta ce a'a ɗin! Ta ce masa ita ba ta auren soja. Damina guda yana kawo shinkafa bai ƙara tayar da zancen ba, sai da ita ta aiki kawunta ya kira shi, liman ya ɗaura a gaban jama'a.”

Na matse hannunta don daɗi, na ce an gama. Ashe Baba bai gama ba. “Tambaye ta, zuwansu alheri ne ga mutanen gidan, ko sharri?”

Da Indo ta fara magana Dije ta daina dariya. Ta ce da ba su zo ba da ba ta raye. Ta ce kuma ranar da suka shigo, ƙanenta ya saci jiki ya tafi kasuwa nemo musu garin rogo, babbar bindigar da sojojin ke harbawa daga bakin ruwa ta sauka a kasuwar, ko abin binnewa ba a samu ba. Wasu sojojin sun ba su magani, wasu sun kwance musu rufin ɗaki sun loda a jirgi. Ita ta yi musu addu'a, uwarta kuwa ta tsine musu har ta koma ga Allah, kuma a tabarma ɗaya suke kwana ita da uwar, ba wadda ta taɓa ce wa ɗayar ta yi ƙarya.

Baba ya juya wajen Yaya ya ce, “Kana wurin bindigar nan?”

“Ina wurin wata irinta, Baba, a ranar. Inda aka nuna mana muka harba. Ban san inda tawa ta sauka ba, na tambaya ba wanda ya sani. Na gaya mata tun kafin a ɗaura. In na rufe ido kasuwar nake gani.”

Baba ya ajiye carbi a kan buzu, ya ɗauka, ya sake ajiyewa. Mutumin da ya saba a ƙarshen kowace rigima ya ce wane kai ne da laifi, wance ki yi haƙuri, ga shi an kawo masa wadda ba ta yankuwa. Can ya ce, “Dije, gaya mata ni ban iya wannan ba. Gidansu aka shiga, ƙanenta ne, ƙafarta ce. Yaron nan ya nemi albarkata zai tafi na riƙe, ya dawo na riƙe. Ita za ta faɗa mini, in sa ko in bari.”

Dije ta fara juyawa, Indo ta ɗaga mata hannu, ashe ta tsinci abin da ya ishe ta. Ta juyo ta fuskanci Baba, abin da suruka ba ta yi, ta harhaɗa 'yar Hausar da ta koya a madafi ta ce, “Baba, sa masa. Ya gaji.”

Baba ya ce, “Matso.” Yaya ya jawo gwiwa, ƙaton sajen soja guda, ya sunkuya a gabansa. Baba bai taɓa kiran sunansa ba tunda aka haife shi, ɗan fari ne, sai dai ya ce kai, ko yaron nan. Ranar na ji da kunnena. Ya ɗora hannun ya ce, “Lawal, ban sa wa yaƙin nan albarka ba, har yanzu ban san shi ba, Allah ne zai yi hisabinsa da waɗanda suka aika ku. Kai na sa wa. Allah ya yi maka albarka, ya yafe maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, ya jiƙan yaron mutane.” Muka ce amin, daga bayan ƙofa Inna ta ce amin da ƙarfi har ta tona kanta. Kafaɗun Yaya suka kama rawa, Indo ta juya fuska bango don kada ta ga kukan mijinta a gaban ubansa, ni kuwa nawa kukan ban ɓoye ba. Hannun Baba ya daɗe a wurin, ina ganin yatsunsa suna shafa furfurar nan.

Da ya ɗauke hannun sai ya ce, “Tashi ka je ka kwanta.”

Yaya ya shiga ɗaki ko riga bai cire ba. Kafin Dije ta gama auna mana nono muka jiyo minsharinsa har tsakar gida. Inna ta kori kaji, ta ja akuya bayan gida ta ɗaure, ta zare mana ido ta ce duk wanda ya yi ko tari sai ya gamu da ita. Ga hatsin tuwo ko surfe ba a yi ba. Ni da Indo muka kama turmi, ita da ɗingishinta ni da tsohon ciki, muka lallaɓa muka mirgina shi har waje. Ranar a gidan maƙwabta muka yi daka.